Shin Sanyi Ne Ya Hana Jamus Cin Mosko a 1941?

Tambaya: Ana yawan cewa sanyin hunturu ne ya karya sojojin Hitler a bakin birnin Mosko a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da ba don dusar ƙanƙara ba da sun shiga birnin. Ina gaskiyar wannan magana, kuma yaya aka yi dakarun ɓangarorin biyu suka iya motsi da gwabzawa a cikin irin wannan yanayi?

Amsa: Sanyi ya yi wa rundunar Jamus ɓarna mai yawa, wannan babu mai musunsa, amma ya iske ta ne bayan ƙarfinta ya riga ya ƙare. Wanda duk ya bi kwanakin yaƙin ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa farmakin Jamusawa ya fara cijewa tun kafin sanyi mai kisa ya sauka, kuma abubuwan da suka tsayar da shi su ne asarar mutane da aka yi ta tafkawa tun daga watan Yuni, da gazawar kai guzuri da mai da albarusai zuwa bakin daga, da kuma sababbin rundunonin da Tarayyar Sobiyet ta tara a bayan Mosko ba tare da Jamusawa sun ankara ba. Janar-janar na Jamus da suka rubuta tarihin rayuwarsu bayan yaƙi sun fi kowa yaɗa labarin sanyi, kuma dalilinsu a fili yake, domin ya fi wa soja sauƙi ya ce yanayi ne ya ci shi da ya ce abokin gaba ne ya fi shi lissafi.

Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941 da sojoji fiye da miliyan 3, an kasa su gida uku: rundunar arewa ta nufi Leningrad, ta kudu ta nufi Yukiren, ta tsakiya kuma a ƙarƙashin Fedor von Bock ta miƙa hanyar Mosko. An tsara yaƙin ne a kan cewa zai ƙare cikin 'yan watanni, kafin hunturu, saboda haka ba a ba tufafin sanyi da man injin da ke jure daskarewa wani muhimmanci ba. Wannan shi ne tushen matsalar. Sanyin Rasha ba baƙon abu ba ne da ya zo ba zato, kowane hafsa a Balin ya san da shi. Abin da suka yi caca a kansa shi ne ba za su kai lokacinsa suna yaƙi ba.

Farmakin Mosko ya fara ne ranar 30 ga Satumba daga ɓangaren kwamandan tankoki Heinz Guderian, sauran rundunar kuma ta taso ranar 2 ga Oktoba. A makonni biyu na farko nasarar ta kasance mai ban tsoro: an yi wa rundunonin Sobiyet ƙawanya a Vyazma da Bryansk, an kama fursunoni fiye da 600,000, har hanyar Mosko ta zama kusan a buɗe. Lokacin da aka kira janar ɗin Sobiyet Georgy Zhukov daga Leningrad aka danƙa masa tsaron yammacin birnin ranar 10 ga Oktoba, sojojin da ya samu a layin Mozhaisk ba su wuce kimanin 90,000 ba, kuma da yake ba za su isa su rufe dukkan fagen ba, sai ya tara su a kan manyan hanyoyin da ke shiga birnin ta Volokolamsk da Mozhaisk da Maloyaroslavets da Kaluga. An ba da umurnin kwashe ma'aikatun gwamnati da ofisoshin jakadanci zuwa Kuibyshev, wani birni can gabas a bakin kogin Volga, ranar 16 ga Oktoba kuma jama'ar Mosko suka firgita suka cika tashoshin jirgin ƙasa. Stalin bai bar birnin ba.

A nan ne yanayi ya fara shiga lissafi, kuma abin da ya fara tsayar da Jamusawa laka ce. Dusar ƙanƙara ta farko ta zuba a wajajen 6 da 7 ga Oktoba, ta narke, ruwan sama ya biyo baya, hanyoyin da galibinsu ba su da kwalta suka zama kogin taɓo. Wanda ya taɓa ganin babbar mota ta kafe a hanyar fadama a tsakiyar damina zai fahimci abin da ya faru, sai dai a nan dubban motoci ne a jere, ga igwa a bayansu, ga dawakai suna nutsewa har ciki. Mutane da yawa suna zaton rundunar Jamus duk a kan injin take tafiya, alhali ta shiga Rasha da dawakai fiye da 600,000, kuma mafi yawan sojojin ƙasanta da ƙafa suka taka tun daga iyakar Poland, tafiyar kusan kilomita 1,000. Lakar ba ta bar 'yan Sobiyet ba su ma, amma su suna ja da baya ne zuwa cibiyar layin dogonsu, inda kowace hanya take haɗuwa a Mosko, yayin da Jamusawa kullum suke ƙara nisa da rumbunansu.

Batun layin dogo ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne jijiyar yaƙin gaba ɗaya. Faɗin layin dogon Rasha milimita 1,524 ne, na Jamus kuma 1,435, saboda haka jirgin Jamus ba ya hawa layin Rasha sai an bi shi an matso da ƙarfe ɗaya kilomita bayan kilomita. 'Yan Sobiyet kuma sun janye yawancin kawunan jiragensu da taragu, sun lalata tankunan ruwa da gadoji da na'urorin ba da hannu kafin su bar wuri. A watan Nuwamba jiragen da suke isa ga rundunar tsakiya a kowace rana ba su wuce kusan rabin abin da take bukata ba. Da aka rasa wurin ɗaukar komai, sai aka fifita albarusai da mai a kan tufafi, shi ya sa kayan sanyin da aka tanada, duk da ƙarancinsu, suka maƙale a tashoshin Poland. Da sanyi ya tsananta kuma, kawunan jiragen Jamus, waɗanda bututun ruwansu suke a waje, suka riƙa daskarewa suna fashewa. Sojan da yatsunsa suka mutu a bakin Mosko ya rasa safar hannu ne saboda shawarar da aka yanke a ofishin sufuri makonni kafin nan.

Ranar 13 ga Nuwamba babban hafsan hafsoshin sojan ƙasa, Franz Halder, ya tara manyan hafsoshin rundunoni a Orsha don a duba ko za a ci gaba ko za a tsaya a haƙa ramuka a jira bazara. Da yawa daga cikinsu sun nuna cewa mutanensu sun gaji, amma ra'ayin ci gaba ya rinjaya, bisa zaton cewa abokin gaba ya fi su galabaita kuma ba shi da sauran dakarun ko-ta-kwana. A ganina wannan ita ce shawara mafi muni a duk wannan yaƙin hunturu, domin a lokacin ƙasa ba ta gama daskarewa ba, ana iya haƙa ramukan ɓuya a gina matsuguni, kuma makonni ukun da aka ɓata ana kutsawa gaba su ne suka bar sojojin a fili lokacin da aka juyo kansu. Zuwa ƙarshen Nuwamba asarar Jamus a gabas, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓata, ta kai kusan 750,000, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka fara yaƙin, kuma mafi yawan wannan asara harsashi ne ya jawo ta tun kafin sanyi.

Abin da mutane suke mantawa shi ne sanyin farko taimakon Jamusawa ya yi. Da laka ta daskare a tsakiyar Nuwamba, tankoki suka samu ƙasa mai ƙarfi, farmaki ya sake tashi a ranakun 15 da 16 ga wata. Shirin shi ne a zagaye Mosko ta hannu biyu. A arewa, rundunonin tankokin Jamus na Reinhardt da Hoepner suka danna rundunar Sobiyet ta Konstantin Rokossovsky, suka ci Klin da Solnechnogorsk da Istra, har wani ɓangare nasu ya tsallaka mashigin ruwan da ya haɗa Mosko da kogin Volga a Yakhroma ranar 28 ga Nuwamba, wani kuma ya kai Krasnaya Polyana, kimanin kilomita 30 daga fadar Kremlin. A kudu Guderian ya kasa cin Tula, garin ƙera makamai da ma'aikatansa suka shiga ramuka tare da sojoji, ya zagaye shi ya nufi Kashira, inda mahaya dawakai na Pavel Belov suka mayar da shi baya. Janar ɗin Jamus Günther von Kluge ya gwada ta tsakiya a wajen Naro-Fominsk ranar 1 ga Disamba, cikin kwana uku ko huɗu aka kore shi. A wannan lokaci akwai kamfanonin sojan Jamus da ya kamata su kai mutum fiye da ɗari amma sun koma 'yan gomomi. Sanyi mai tsanani, na digiri 30 ƙasa da sifiri da abin da ya fi haka, ya sauka ne a farkon Disamba, daidai lokacin da farmakin yake numfashinsa na ƙarshe.

Yadda ake yaƙi a irin wannan sanyi ya bambanta da duk abin da aka koya wa sojan Jamus. Man da ake shafa wa bindiga yakan daskare har kunamar ta ƙi motsi, ruwan da ke tare ja-da-bayan igwa yakan yi kauri, injin tanki ba ya tashi sai an hura wuta a ƙarƙashinsa, ko kuma a bar shi yana aiki dare da rana yana cinye man da ba a da shi. Takalmin sojan Jamus matsattse ne mai ƙusoshin ƙarfe a tafinsa, ƙarfen kuma yana jawo sanyi kai tsaye zuwa ƙafa. Raunin da a lokacin zafi za a ɗaure mutum ya warke, a nan yakan kashe shi cikin sa'o'i kaɗan idan ba a ɗauke shi ba. Ƙasa takan daskare har shebur ba ya huda ta sai an sa nakiya. Hasken rana kuma a Disamba bai wuce kimanin sa'a bakwai ba. Waɗanda sanyi ya lalata wa yatsu da ƙafafu a rundunar Jamus a wannan hunturu sun haura 100,000 nesa ba kusa ba.

Saboda haka yaƙin ya koma na neman ɗaki mai murhu. Duk wanda ya riƙe ƙauye ya kwana da rai, wanda aka kora zuwa daji kuwa sanyi ya ƙarasa shi, shi ya sa taswirar bakin daga a wannan lokaci ba layi ɗaya ba ce miƙaƙƙiya, tarin ƙauyuka ne da aka mayar da su sansani, tsakaninsu kuma fili ne da dusar ƙanƙara ta rufe. Talakawan ƙauyukan su ne suka fi kowa shan wuya, kuma bai kamata a ba da labarin nan a tsallake su ba. Jamusawa sun ƙwace musu riguna da takalma da abinci, sun kore su daga gidajensu cikin sanyi, kuma da suka fara ja da baya suka riƙa cinna wa garuruwa wuta. Stalin shi ma ya ba da umurni ranar 17 ga Nuwamba a ƙone matsugunan da ke bayan layin Jamusawa don a hana su mafaka, ko da yake 'yan ƙasarsa ne a cikinsu. A sansanonin da Jamus ta tsare fursunonin Sobiyet, galibi a fili ba rufi ba abinci, kimanin mutum miliyan 2 ne suka mutu kafin watan Fabrairun 1942. Wannan ba aikin yanayi ba ne, manufa ce da aka tsara.

'Yan Sobiyet ba a haife su da fatar ƙarfe ba, darasi suka koya da jini. A yaƙinsu da Finland a hunturun 1939 zuwa 1940, sojojinsu ne suka daskare a kan hanyoyin daji, inda 'yan Finland masu tafiya a kan katakon sulɓi suka daddatse dibishan (ƙungiyar soja mai dubban mutane) ta 163 da ta 44 a yankin Suomussalmi suka hallaka su gunduwa-gunduwa. Bayan wannan aka kyautata tufafin soja: riga mai cushen auduga, hula mai rufe kunnuwa, takalmin gashi da aka dandaƙe, da farin mayafi na ɓad da kama. Tankinsu T-34 yana da faffaɗar sarƙa da ba ta nutsewa da sauri a dusar ƙanƙara. Jiragen samansu suna tashi daga filayen Mosko na dindindin masu rumfuna, na Jamus kuma suna kwana a fili. Duk da haka ba kowace runduna ce ta samu cikakkun kaya ba, kuma dubbai daga cikinsu su ma sanyi ya kashe su.

Labarin cewa sojojin Saiberiya ne kaɗai suka ceci Mosko shi ma yana bukatar gyara. Gaskiya ne cewa bayanan leƙen asiri, ciki har da na Richard Sorge daga Tokyo, sun nuna Japan ba za ta kawo hari daga gabas a wannan shekara ba, kuma hakan ya sa aka ɗauko ƙwararrun dibishan kamar ta 32, wadda ta yi yaƙi a Borodino, da ta 78 ta Beloborodov a wajen Istra. Amma mafi yawan dakarun ko-ta-kwana sababbin ɗauka ne daga yankin Volga da Ural da Asiya ta Tsakiya, kamar dibishan ta 316 ta Ivan Panfilov da aka haɗa a Alma-Ata. Babban abin yabo a nan shi ne haƙurin hedikwatar Sobiyet, wadda ta riƙe waɗannan rundunoni a baya a ƙarshen Nuwamba, lokacin da kwamandojin bakin daga suke roƙon ko bataliya ɗaya, har sai da ta tabbata hannun Jamusawa ya gama miƙewa.

Ranar 5 ga Disamba janar ɗin Sobiyet Ivan Konev ya kai farmaki daga wajen Kalinin, washegari Zhukov ya biyo baya, tare da ɓangaren rundunar Timoshenko a kudu, jimillar sojoji kimanin miliyan 1.1. Ba su fi Jamusawa yawan tankoki ko igwa ba, amma sun faɗa wa hannuwan nan biyu da suka miƙe ba tare da kariya a gefe ba. A kwanakin farko kwamandoji da yawa sun riƙa tura mutanensu gaba da gaba cikin bakin bindiga mai sarrafa kanta, har sai da Zhukov ya ba da umurni a daina haka, a riƙa zagaye ƙauyukan da aka ƙarfafa a datse hanyar da ke bayansu. Mahaya dawakai da masu katakon sulɓi suka fi dacewa da wannan aiki, domin su kaɗai ne suke iya barin hanya su ratsa daji. An ƙwato Klin ranar 15 ga Disamba, Kalinin ranar 16, Volokolamsk ranar 20, Kaluga ranar 30. Hanyar da ta fita daga Klin zuwa yamma ta cika da motoci da igwa da tankokin da aka yasar saboda babu mai ko injin ya ƙi tashi. Zuwa farkon Janairu an tura Jamusawa baya tsakanin kilomita 100 zuwa 250.

Hitler ya amsa da umurnin 16 ga Disamba cewa kowa ya tsaya inda yake, ba ja da baya. Ya sauke Brauchitsch, babban kwamandan sojan ƙasa, ranar 19 ga wata ya ɗauki jagorancin sojan ƙasa da kansa, Kluge ya maye gurbin Bock, aka sallami Guderian a ƙarshen Disamba, Hoepner kuma a farkon Janairu saboda ya janye mutanensa ba da izini ba. Har yau masana suna gardama a kan wannan umurni. Masu kare shi suna cewa babu wani layin da aka shirya a baya, kuma runduna da ta fita daga ƙauyuka ta shiga fili za ta watse kamar ta Napoleon lokacin da ta ja da baya daga Mosko a 1812. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni na fi karkata ga cewa abin da ya ceci rundunar tsakiya shi ne kwamandojin da suka riƙa janyewa kaɗan-kaɗan a ɓoye, da kuma kuskuren da Stalin ya tafka a nasa ɓangaren.

Kuskuren kuwa shi ne na zarin nasara. A farkon Janairun 1942 Stalin ya yanke shawarar a kai farmaki a dukkan fagen, daga Leningrad har zuwa Kirimiya, maimakon a tara ƙarfi wuri ɗaya a gama da rundunar tsakiya, kuma Zhukov ya ce ya nuna rashin amincewarsa amma ba a saurare shi ba. Daga nan sai matsalar da ta karya Jamusawa ta juyo kan 'yan Sobiyet, domin yanzu su ne suke nisa da layin dogo, suna ratsa ƙasar da aka ƙone, cikin dusar ƙanƙara mai kaiwa ƙugu, igwa tana baya, harsashinta a ƙidaye. Sojojin janar ɗin Sobiyet Yeremenko da suka ci Toropets a watan Janairu da yunwa suka isa, rumbunan abincin Jamusawa da suka kama a can ne suka ciyar da su. Rundunonin da suka kutsa ta tsakanin sansanonin Jamus sun yi nisa, amma da Walter Model ya karɓi runduna ta 9 ta Jamus a Rzhev ya rufe ƙofar da suka bi, sai masu ƙawanya suka koma cikin ƙawanya. Haka ya faru da runduna ta 29 ta Sobiyet a kusa da Rzhev, haka kuma ya faru da runduna ta 33 a kusa da Vyazma, wadda kwamandanta Mikhail Yefremov ya harbe kansa a watan Afrilu bayan an yi masa rauni, don kada a kama shi. Idan sanyi yana da ɓangaren da yake goyon baya, to a watannin Janairu da Fabrairu yana tare ne da duk wanda yake zaune a cikin ɗaki yana tsaro.

A Demyansk, can arewa, an yi wa Jamusawa kimanin 100,000 ƙawanya a watan Fabrairu, aka riƙa kai musu abinci da albarusai ta jirgin sama har aka buɗe musu hanya a watan Afrilu. Wannan nasara ta zauna a kan Hitler da Goering, shugaban sojan saman Jamus, kuma da ita suka kafa hujja a watan Nuwambar 1942 lokacin da aka rufe runduna ta 6 ta Jamus a Stalingrad, wadda ta ninka ta Demyansk fiye da sau biyu, a wuri mafi nisa, ga jiragen Sobiyet da suka ƙara ƙarfi. Yaƙin hunturun Mosko ya lafa ne da dawowar laka a watan Afrilu. A ƙarshen watan Maris na 1942 rahoton hedikwatar sojan Jamus da kanta ya nuna cewa daga cikin dibishan 162 da take da su a gabas, 8 kaɗai ne suke da cikakken ƙarfin kai farmaki, kuma shi ya sa da bazara ta zo ba ta iya sake tasowa ta fuska uku kamar shekarar da ta gabata ba, sai ta kwashe mutane da motoci daga rundunonin arewa da tsakiya ta ƙarfafa ta kudu kaɗai, ta nufi rijiyoyin man Kokasas.